Sabuwa Dal a Kwali, Amma Ba Mai Ɗoki

Wata Asabar na raka ɗan yayata wajajen Wunti a nan garin Bauchi, inda masu sayar da waya da masu gyaranta suke jere. Yana karatu a jami'a, can Yelwa. Wayarsa ta suɓuce ta faɗi kan siminti, gilashin ya tsattsage kamar saƙar gizo-gizo, batirin kuwa tun kafin nan ba ya kai shi la'asar. Ni da na san darajar sabuwar waya a zamanin samartakarmu, sai na ce masa in yana so a sayar da wannan, in yi masa ciko ya ɗauki ta bana. Na zaci tsalle zai yi. Mai shago ma da ya ji zancen ciko bai ɓata lokaci ba, ya zaro ta gwaji daga cikin gilas, ya goge ta da gefen rigarsa ya miƙo.

Yaron ya juya ta gaba da baya, ya kunna kyamara ya kashe, ya ajiye ta kusa da tasa a kan kanta. Ya tambayi ƙarfin batir, aka ce 5,000. Ya ce tasa ma haka take. Ya tambayi memori, aka ce 128. Ya yi murmushi. Tambayarsa ta uku ce ta sa mai shagon ya fara kallon titi: in ta faɗi, nawa ne gilashinta? Daga nan ya juyo gare ni ya ce, "Kawu, wallahi ita ce dai, riga kawai aka sake mata. A sa min gilashi da batir, in da ragowa ka sa min data."

Tun daga ranar nake juya maganar. Wannan yaro ne da in ka raba shi da wayarsa awa ɗaya kamar ka raba shi da numfashi. A ciki yake karatu, a ciki yake hira, a ciki yake karɓar kuɗin da ake turo masa daga gida. Ba waya ce ta fita ransa ba. Sabuwarta ce ba ta motsa shi.

Amsar da kowa zai fara kawowa ita ce babu kuɗi, kuma akwai gaskiya mai yawa a ciki. Wayoyin nan ba a nan ake ƙera su ba, da dala ake shigo da su, ko daga Sin ne ko daga Dubai, su sauka Legas ko Kano kafin su iso Bauchi. Tun da gwamnati ta saki naira ta nemi farashinta da kanta a watan Yunin 2023, mako biyu da 'yan kwanaki bayan cire tallafin fetur, lissafin kowa ya rikice. Ɗauki iPhone a matsayin ma'auni, tunda farashinta a bayyane yake. Ta 12 da ta fito a 2020 dala 799 ce a Amurka. Ta 16 da ta fito a 2024 ita ma dala 799 ce. Ga Ba'amurke farashi bai motsa ba. A nan kuwa dalar da ake saye a kasuwar bayan fage ƙasa da naira 500 a 2020 ta kai wajen 1,600 a lokacin da ta 16 ta fito. Abin da bai kai naira 400,000 ba ya haura miliyan ɗaya da dubu ɗari biyu, kafin a sa kuɗin dako da ribar ɗan kasuwa. Mafi ƙarancin albashi kuwa daga 30,000 ya koma 70,000. Ƙananan wayoyin da talaka yake saye su ma wannan guguwar ta ɗaga su.

Sai dai rashin kuɗi saye yake hanawa, ba ya hana kwaɗayi. Wanda ya yi wayo a 2001, lokacin da MTN da Econet suka fara aiki, zai tuna cewa layi kaɗai yana kaiwa naira 20,000 ko fiye, a zamanin da mafi ƙarancin albashi bai kai 8,000 ba, kira kuma naira 50 ne minti ɗaya ko da sallama kawai ka yi. Ba mu da kuɗin, amma mafarkinta muke yi. Kafin ma sabis ya zauna sosai a garin nan, wanda ya zo da Nokia 3310 majalisa sai an zagaye shi, kowa na son a ba shi ya buga wasan macijin nan. Yau kuwa na ga saurayin da aka ce za a biya masa, ya ce a bar shi da tsohuwarsa. To wannan ba aljihu ne kaɗai ke magana ba.

In mutum ya bi tarihin abin a hankali zai ga cewa a da kowace sabuwar waya tana zuwa da wani abu da yake canza yadda yininka yake tafiya. Nokia 1100 ta 2003, wadda aka sayar da sama da miliyan 200 a duniya, tocila aka sa mata a ka. Ga mutumin Turai wannan ƙaramin ƙari ne. Ga mu da muke shiga banɗaki da ashana, abin nema ne ya samu. Daga baya wayoyin Sin suka shigo masu layi biyu, har da masu uku, da lasifika mai tada unguwa, wasu da eriyar talabijin da ake zarowa. Muna yi musu dariya, amma sun warware matsala ta gaske: wanda yake yawo da waya biyu saboda wannan layin ya fi arha, wancan ya fi sabis a ƙauyensu, ya huta. Bluetooth da katin memori suka mayar da kowane shagon caji wurin tura wa'azi da waƙa da fim. Sai manhajar hira ta 2go, sai BlackBerry da lambar PIN ɗinta wadda samari suke rubutawa kamar lambar girma. Sai kamfanin Transsion, mai Tecno da Infinix da itel, ya kawo wayar shafawa a farashin da ɗan makaranta zai iya tarawa, ya kuma gyara kyamararsa yadda za ta fito da fuskar baƙar fata, abin da manyan kamfanoni suka daɗe ba su damu da shi ba. Kowane mataki a cikin waɗannan, wanda bai taka shi ba ya san an bar shi a baya.

Wannan tsanin ne ya ƙare. Ba wai injiniyoyi sun yi barci ba ne, abin ne ya kai inda ƙari ba ya ganuwa. Allon waya ya girma har ya cika tafin hannu da aljihun kaftani, in ya wuce haka ya zama faranti. Batirin litiyom da ake amfani da shi a hankali yake inganta, ba ya tsalle kamar sauran sassa. Ƙwaƙwalwar wayar tana ƙara sauri duk shekara a manyan wayoyi, amma saƙon WhatsApp da yake buɗewa cikin ƙiftawar ido a wayar shekara huɗu ba zai fi haka sauri a ta bana ba, ko ya fi ma ido ba zai gani ba. A ƙananan wayoyi kuwa abin ya fi haka ban dariya. Akwai wata ƙwaƙwalwa ta kamfanin MediaTek mai suna Helio G85 da ta fito a 2020, wadda aka ci gaba da sa wa sababbin wayoyi har 2024. Suna ya canza, launi ya canza, an sauya wa kyamarorin baya wurin zama, amma injin shi ne. Ɗan yayata bai san sunan injin ba. Hannunsa ne ya gaya masa Ɗanjuma ne da Ɗanjummai.

Kyamara ce inda aka fi cika baki, don haka bari in ɗan tsaya a kanta. Za ka ga an rubuta 50 ko 108 a jikin kwali da manyan haruffa, Samsung ma ta kai 200 a Galaxy S23 Ultra ta 2023. Waɗannan lambobi adadin ɗigogin da suke haɗuwa su zama hoto ne, a lissafin miliyoyi. Abin da kwali ba ya faɗa shi ne, idon kyamarar waya ƙanƙane ne, in aka cusa masa ɗigo da yawa kowane ɗigo sai ya ƙanƙance ya kasa kama haske. Shi ya sa wayar da kanta take haɗa ɗigo huɗu ko tara ko goma sha shida ta mayar da su ɗaya, hoton da zai fito maka a ƙarshe ya dawo wajen miliyan 12. Sannan ka tura shi ta WhatsApp, ita kuma ta matse shi don ya tafi da sauri. Wanda ya karɓa a Azare ko Misau ba zai iya ce maka ga wanda aka ɗauka da wayar bana ga na wayar bara waccan ba. Ba girin-girin ba dai, ta yi mai. Matasa sun gwada sau ɗaya sau biyu, sun gane.

Wannan sanyin jikin ba a Bauchi ya tsaya ba. Ƙididdigar kamfanin IDC, mai bin diddigin kasuwar waya, ta nuna an fitar da wayoyin shafawa kusan biliyan 1.47 a duniya a 2016, zuwa 2023 adadin ya sauko wajen biliyan 1.17, mafi ƙaranci cikin shekara goma. Su kansu masu ƙerawa sun san mutane sun daina sauyi duk shekara. Google a 2023 da Samsung a farkon 2024 sun yi alƙawarin ci gaba da sabunta manhajar manyan wayoyinsu har shekara bakwai. Wanda ya ce maka kayansa za su yi shekara bakwai, ai ya gaya maka kada ka dawo baɗi.

Wani abin kuma, sabuwar waya ta koma zuwa da ragi maimakon ƙari. Apple ta cire ramin abin sauraro a 2016, ta daina sa kan caja a kwali a 2020, wasu suka bi sahu. Manyan wayoyi da yawa ba su da wurin sa katin memori. A wata ƙasar ƙila ba komai ba ne. A nan kuwa igiyar abin sauraro ita ce eriyar rediyon waya, katin memori kuma shi ne rumbun wanda ba ya iya kallon komai kai tsaye saboda tsadar data. Ka biya kuɗi mai yawa, ka buɗe kwali, ka tarar sai ka sake fita sayen caja.

Amma abin da na fi ganin shi ne tushen maganar a wurinmu, sabuwar waya tana amsa tambayoyin da ba mu yi ba. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Tambayi duk wani saurayi a Gwallameji ko Jahun abin da yake damunsa da wayarsa, ba zai wuce caji da zafi da data da kuɗin gyara ba. A watan Maris da Afrilu zafin garin nan yana kusantar digiri 40, kuma zafi shi ne babban makashin batir. Ƙurar hunturu tana toshe ramin caji da lasifika. A watan Oktoban 2024, lokacin da manyan layukan wuta suka lalace aka bar yawancin Arewa cikin duhu sama da mako guda, babu wanda ya tambayi wayar wa ta fi kyamara. Sarkin gari a kwanakin nan shi ne mai janareta da allon soket, wanda yake liƙa wa kowace waya lamba da salatif, ya ba ka gutsuren kwali mai irin lambar ka riƙe. Na ga wayar miliyan da wayar dubu goma sha biyar kwance kafaɗa da kafaɗa a kan tebur ɗaya, kuma mai madannan ce ta fara cika, ta kuma fi daɗewa.

Me kamfanoni suka kawo a madadin haka? Suka kawo 5G. MTN ta fara shi a 2022 a Legas da Abuja da Fatakwal da Ibadan da Kano da Owerri da Maiduguri, kuma har yanzu masu amfani da shi a ƙasar nan 'yan kaɗan ne. Ko inda yake, amfaninsa sauri ne, saurin kuma data yake sha, ga shi hukumar sadarwa ta ƙasa, NCC, ta amince da ƙarin kashi 50 cikin ɗari a kuɗin kira da data a watan Janairun 2025. Ka ba wa mai tulu ɗaya famfo mai ƙarfi, ba ruwan ka ƙara masa ba. Suka kawo waya mai naɗewa kamar littafi, tun daga Galaxy Fold ta 2019, wadda kuɗin gilashinta kaɗai zai sayi wata wayar, kuma maganar ƙura a gaɓar naɗewar ba sai an faɗa ba. Tun 2024 kuma waƙar ta koma ƙirƙirarriyar basira, kowane kamfani yana cewa wayarsa tana tunani. To Siri ta Apple ba ta jin Hausa. Manhajojin da suke iya amsa tambaya da Hausa kuwa, irin su ChatGPT, sauke su ake yi, kuma suna aiki a tsohuwar waya kamar yadda suke yi a sabuwa, tunda aikin ba a cikin wayar ake yin sa ba, a can manyan kwamfutocin kamfanin ne. Google Translate ma tun 2013 yake da Hausa, bai taɓa tambayar kowa shekarar wayarsa ba.

Nan ne nake ganin ɗokin ya koma. Bai mutu ba, ƙaura ya yi daga jikin ƙarfen zuwa abin da yake gudana a ciki. Lokacin ƙarancin takardun kuɗi a farkon 2023, abin da ya ceci mutane manhajojin tura kuɗi ne irin su OPay da PalmPay da Moniepoint, har mai shayi da mai rake suka koma cewa a yi tiransifa. Ba wanda ya sayi sabuwar waya don wannan. TikTok ya yi wa samari da 'yan mata da dama suna da wayar da gilashinta yake a fashe. Mafi bayyana kuwa shi ne shekarar mayinin, wato wasannin danna allon waya da ake yi da fatan samun kuɗin intanet (kirifto). Bayan ɗaya daga cikinsu, Notcoin, ta fashe, wato ta fara biya, a watan Mayun 2024 wasu suka samu 'yan kuɗi, sai garin ya rikice. Ka bi ta kowace majalisa bayan isha'i, za ka ga kawuna a sunkuye, haske a fuskoki, yatsu huɗu suna dukan allo kamar masu kiɗan kalangu, babu mai ce wa wani uffan sai in za a tambayi lambar sirrin ranar. Rabon da in ga irin wannan zumuɗi a kan waya tun zamanin BlackBerry. Da wata irinta mai suna Hamster Kombat ta raba nata a ƙarshen Satumban shekarar, akasarin mutane abin da suka samu bai biya datar da suka ƙona ba, aka sha zagi aka watse. Abin lura a wurina shi ne, a duk watannin nan wanda ya ƙaro waya ba ta bana ya nema ba. Tsohuwa mai arha ya saya, don ya buɗe asusu na biyu.

Saura maganar isa, wadda ba za a ce ta mutu ba. Har gobe akwai wanda yake son a ga tambarin tuffa a bayan wayarsa, musamman wurin biki ko in za a ɗauki hoto a gaban madubi. Akwai samarin da aka auna soyayyarsu da irin wayar da suka kai toshi, wannan kuma zance ne na wata rana. Amma ita isar suna take buƙata, ba sabunta ba. Shi ya sa kasuwar 'yar Landan (wayar da aka yi amfani da ita a ƙasar waje) ta fi ta kwali rai. Mai saye ba ya tambayar shekarar da ta fito, lafiyar batirinta yake tambaya, ta kai 85 ko ba ta kai ba, an taɓa buɗe ta ko ba a taɓa ba, tana gane fuska ko ta daina. Har akwai sana'a sukutum ta sauya wa waya jiki: a ɗauki iPhone XR ta 2018, a zuba kayan cikinta a gangar da ta yi kama da ta 13 ko 14 mai ido uku, alhali ido ɗaya ne yake gani, sauran biyun ado ne. Mai saye ya sani, mai sayarwa ya sani, kuma cinikin yana tafiya lafiya. Ni ban ga hujjar da ta fi wannan ƙarfi ba. In har za a iya sa wa wayar 2018 riga ta wuce a matsayin sabuwa a idon jama'a, to bambancin da ya rage tsakaninsu rigar ce.

Ga kuma tsoro. Ƙwacen waya ya zama ruwan dare a biranen Arewa, mu nan ma da tarihin 'yan sara-suka ba baƙon abu ba ne a wurinmu. Da yawan masu babbar waya suna da ƙaramar mai madannai da suke fita da ita da daddare, babbar tana gida ƙarƙashin filo. Abin da ba za ka iya fito da shi a cikin Keke ba tare da waige-waige ba, daɗinsa ragagge ne.

Kada dai in yi wa kowa kuɗin goro. Matashin da nake magana a kai na birni ne, wanda wayar shafawa ta uku ko ta huɗu ce a hannunsa. Je ka Darazo ko Ningi ko Dass ranar kasuwa, ka ga yaron da ya sayar da buhun riɗi ko ɗan akuya ya sayi wayar shafawarsa ta farko. Ba zai ɓare ledar da take kan allon ba sai ta ɓare da kanta. Shi yanzu yake hawa tsanin da na garin suka gama hawa, kuma irinsa suna da yawa, su ne ma suke riƙe da kasuwar sababbin ƙananan wayoyi. Ga kuma tsarin biya kaɗan-kaɗan da ya shigo, wanda ake kulle wayar daga nesa in ka yi jinkirin biya. Yana sa a saya, amma ban taɓa ganin wanda yake murna da wayar da ake bin sa bashinta kowane mako ba.

Ni dai ban ga abin baƙin ciki a sanyin jikin na birni ba, in ban da ga mai shago. Shi ma ya iya allonsa. Wanda muka je wurinsa, da ya ga ciniki ba zai faɗa ba, bai ɓata rai ba. Ya ƙwala wa yaronsa kira ya ce a kai wayar wurin mai gyara na bayan layi. Muna jira na lura rabin gilas ɗinsa ba waya ba ce: kondom ɗin waya kala-kala, gilashin kariya, igiyoyin caji, abin sauraro, da 'yan Landan jere a kan farin ƙyalle, kowace da farashinta a liƙe. Ya ce min, "Alhaji, ta kwali sai ta yi wata biyu tana kallona. Waɗannan su ne cefane."

Gyaran bai kai awa ɗaya ba. Mai gyaran ya gasa gefen wayar da iska mai zafi, ya zura wani siririn roba ya ɗaga fasasshen gilashin, ya cire batirin da ya fara kumbura ya jefa a gwangwani. Da ya gama ya ɗaure ta da robar kuɗi guda uku, ya ce kada a cire sai gam ya kama. Mun juyo za mu tafi ke nan ɗan yayata ya ja ya tsaya a gaban wani tebur. Fawa bank ne ƙato kamar bulo, mai ramin caji huɗu da tocila a gefe. Ya ɗaga shi ya auna nauyinsa a hannu, ya kunna tocilar ya kashe, ya sake kunnawa da rana tsaka.

"Kawu," ya ce, idonsa na kan tocilar, "cikon nan da ka ce, yana nan?"